Tantin Mutum Biyu

Ina tsugunne a gaban murhun gas ina sakin ɗanwake, bayana kamar an bi shi da taɓarya, Mahasin ta leƙo ta ce in raka ta sayen tanti. Ban ko ɗago kai ba. Na ce ta dube ni da kyau ta gani ko na yi mata kama da mai yawon shan iska. Ta jingina da ƙyaure da ɗanta Hasan a bayanta. Na san wannan tsayuwar tata, ba za ta gusa ba sai na amsa.

Maƙwabciyata ce, ƙofa da ƙofa, a wani tsohon gida a Ard al-Liwa, unguwar da duk baƙon da ya rasa inda zai sa kansa a Alƙahira yake ƙarewa. Ni Indo, 'yar Funtuwa, aure ne ya kawo ni. Maigidana Malam Badamasi ya zo karatun digiri na uku, ya ce min ɗan lokaci ne mu koma. Fiddausi da na zo da ita a goye yanzu ita ke dafa mana shinkafa, Malam bai gama ba. 'Ya'ya huɗu, ɗaki biyu, sai ɗanwaken da nake sayar wa ɗalibai 'yan gida. Mahasin kuwa Bahaushiyar Sudan ce, jikar mutanen nan da suka taso daga ƙasar Hausa a ƙafa za su aikin hajji, suka yada zango a hanya, zangon ya zame musu gida. Hausarta da daɗin ji, sai dai kowace magana sai ta barbaɗa mata Larabci.

Abin da ya taso mata mijinta ne, Hatim. Ya koma Sudan haƙar zinare, can arewacin ƙasar cikin hamada, rami ya rufta da shi, aka zaro shi da ƙafa a karye. Abokan aikinsa suka kai shi wani ƙauye suka ajiye, suka koma neman abinsu. Ba uwa ba ƙanwa a kusa. Ya bugo mata waya yana kuka, namiji babba, ya ce ko ruwan tsarki sai ya roƙa. Mahasin ta ce za ta je. Takardunta sun daɗe da mutuwa, ba ta isa ta shiga jirgin ruwan da ke tashi daga Aswan zuwa Sudan kamar kowa ba, sai dai ta bi masu akori-kurar da ke ratsa hamada a ɓoye. Wata Fatna da ta taɓa bin hanyar ta ba ta labarin yadda take: mota tana sauke mutane kafin iyaka, a taka da ƙafa cikin duwatsu kusan wuni guda, sannan a zauna a fili ana jiran motar ɗaya ɓangaren, wadda in ta ga dama ta zo yau, in ta ga dama sai jibi. Manya sukan rataya mayafi a jikin dutse su fake. Yara kuwa rana ta dafa su, ga kunamu. Dalilin tantin ke nan.

'Ya'yanta biyu, Hasan na goye da Tagwa mai shekara biyar, kuma a kan Tagwa mun riga mun yi wata magana da ba ta yi daɗi ba. Kafin zancen tanti ta shigo ɗakina ta ce, "Yaya Indo, in na bar miki Tagwa, za ki riƙe min ita?" Na ce a'a, ban yi kwana-kwana ba. Na nuna mata ɗakin da yarana ke kwana kamar an jera rake. Na ce ga Malam yana rantsuwa bana zai gama mu tattara, yarinya ba ta da takarda ko ɗaya, in tafiyarmu ta tashi a filin jirgi zan ajiye ta? Gaskiya na faɗa, kuma a gajiye nake, irin gajiyar da barci ba ya wankewa. Mahasin ta ce "tamam," wato shi ke nan, ta fita, ba ta sake tayar da zancen ba. Ta ƙudura za ta tafi da su duka biyun. Tun ranar, duk sanda na ga yarinyar nan da 'yan ƙafafunta kamar sillen kara, sai in kau da kai. Don haka na kashe gas, na ce ta jira in ɗauko mayafi. Tunda ban riƙe mata 'ya ba, ai na raka ta kasuwa.

Kuskuren farko shi ne da na tambayi Malam inda ake sayar da tanti. Mutumin da bai taɓa sayen ko allura a garin nan ba, amma ka tambaye shi abu sai ya gyara zama. Ya ce akwai layi guda a tsohuwar Alƙahira na masu ɗinkin tanti zalla, tun zamanin sarakuna suke nan, ya kawo mana tarihin wurin har da sunan wanda ya gina rufin. Muka sha cunkoson ƙananan bas-bas, Tagwa a cinyata, muka isa muna jiƙe da gumi. Tantuna kam akwai su, ja da kore da shuɗi, an yi musu ado kamar rigar sarauta. Sai dai irin waɗanda ake kafawa a titi ne don zaman makoki ko biki. Wani tsohon maɗinki ya tambaye mu mutum nawa za su zauna. Mahasin ta nuna kanta da yaran, ta ce kuma ita za ta ɗauka. Ya cire tabarau ya dube ta, ya ce mafi ƙanƙanta a shagonsa sai ƙarti huɗu da amalanke. Ya ba Tagwa wani ƙyalle mai hoton tsuntsu, muka juyo. A hanya ina ta tanadin abin da zan gaya wa Malam.

Wanda ya fitar da mu Lawal ne, wani ɗan Gusau da ke tuƙa wa wasu Turawa mota a Zamalek, unguwar masu kuɗi, kuma ba ya wuce kwana biyu bai zo cin ɗanwakena ba. Ya ce ubangidansa da matarsa sukan kwashi 'yan yaransu su tafi hamada su kwana, haka kawai don nishaɗi, kuma tantinsu in an naɗe shi bai fi kabewa ba. Na ce Allah mai iko, wasu da gida a Zamalek suna biyan kuɗi su je su kwana a ƙasa. Ya kwatanta mana shagon da suke saye a unguwar Dokki. Ya kuma ja mana kunne kada mu riƙo tanti a fili a titi. A shekarar 2013 ne, gari bai kwanta ba, sojoji a kowace mahaɗa, kuma duk wanda aka gani da tanti sai a ce zaman dirshan za shi yi a dandali.

Shagon a ƙarƙashin wani dogon bene yake, sai an sauka wata matakala mai tsawo kafin a kai. Mai shagon, Hussain, Bamisire ne mai furfura a gefen kai, muka same shi yana gyangyaɗi a gaban fanka. Masu yawon buɗe ido sun ɗauke ƙafa, kayansa duk sun yi ƙura. Da ya ji tanti muke so, abin da ya fara tambaya shi ne ko na dandali ne, don shi ba ya son fitina. Mahasin ta ce na hanya ne. Ya dubi goyonta, ya dubi Tagwa, ya dubi silifas ɗin da ke ƙafarta, bai sake tambayar wace hanya ba.

Ya fara da abin da yake ganin ya dace da iyali, wani babba mai ɗaki da zaure, launin lemo. Mahasin ko taɓa shi ba ta yi ba. Ta ce ba ta son launin da ake hangowa daga nesa, mai launin ƙasa take so. Ta ce ya zama ƙasansa a ɗinke yake da jikinsa, ba kafar da kunama za ta bi. Ta ce kada ya zama sai an buga turaku, don a kan dutse ba abin da zai shiga. Ta ce kuma wanda mace ɗaya za ta iya kafawa da goyo a bayanta, ba mai riƙe mata ɗaya gefen. Ni dai ina gefe ina mamakin yaushe ta zauna ta tsara duk wannan, matar da in ta je sayen tumatir sai ta manto albasa.

Hussain ya farka sosai. Ya jawo guda biyu masu launin yashi, ya kafa su nan tsakar shago, sandunansu siraran ƙarafa masu lanƙwasa da ke haɗe kansu da roba. Ɗaya na mutum uku ne, ɗayan na mutum biyu, ɗan tsugul, in babba ya zauna a ciki kansa na gogar rufi. Tagwa ta rarrafa cikin babban ta kwanta ta miƙe ƙafa, ta ce nan ne wurinta, can na Yumma, wato uwarta, Hasan kuma a tsakiya don kada ya gangara. Hussain ya naɗe su ya ɗora kowanne a sikeli. Bambancin nauyin bai taka kara ya karya ba, ni a hannu ma da ƙyar na ji shi. Ya ce ta ɗauki babban, yara suna juyi a barci.

Sai ya ɗauko wata jakar goyo mai igiyoyi da maɗaurai ta ko'ina, yana yabonta, wai nauyin duk a ƙugu yake sauka, kafaɗa ba ta ji. Ya zagaya bayan Mahasin zai rataya mata, ya yi kiciɓis da Hasan yana barci, baki buɗe. Ya tsaya da jaka a hannu.

"Baya na da mai shi," in ji Mahasin.

Ya ce ba matsala, akwai abin da ake rataya jariri a ƙirji, sai jaka ta hau baya. Mahasin ta girgiza kai. Ta ce gaba da kwiɓi na Tagwa ne, in ƙafarta ta gaji. Hannu ɗaya na ruwa ne, don Fatna ta ce kowa ruwansa yake ɗauka, ba mai sam maka ko kurɓi.

"To tantin fa, ya madam? Da abinci?"

Ta nuna tsakar kanta. Ya ɗauka wasa take, har sai da ya ga ta warware gefen mayafinta, ta murɗa shi ta yi gammo. Na ce masa, da guntun Larabcina, mu haka muke ɗaukar kaya tun kaka da kakanni, kuma kakanninta a haka suka taho daga ƙasarmu har Sudan. Ya ce ma sha Allah, amma fuskarsa ba ta nuna ya gamsu ba.

Mahasin ba ta yarda da sikeli ba. A wurinmu ba a sanin nauyin kaya sai an aza an taka da shi. Ta roƙe shi ya ara mata jarkar ruwa ya cika ta a famfo. Ta zuba tanti babba a buhun da muka zo da shi, ta ƙara da wasu gwangwanaye daga kantarsa a madadin garin da dabinon da za ta ɗauka. Na aza mata. Ta gyara zanen goyo, ta ɗauki jarka da hagu, ta ɗan rusuna ba tare da kanta ya motsa ba, ta ce, "Tagwa, ta'ali, zo nan." Yarinyar ta ɗare kwiɓinta tana dariya. Sai ta nufi matakalar nan.

Ta hau har sama, ta juyo ta sauko. Wuyanta a miƙe, buhu ko girgiza bai yi ba, har na ji wani alfahari ya kama ni. Ta sake hawa. A saukowa na ga jarkar ta fara bugun gwiwarta. A hawa na gaba ta tsaya a tsakiya, numfashinta har inda nake ina jin sa, jijiyoyin wuyanta sun tashi. Ta sauko a hankali, na sauke mata.

"Kawo ƙaramin," ta ce.

Muka canza. Hasan ya farka ya fara ƙananan kuka, ta jijjiga shi da kafaɗa, ta sake ɗaukar komai. Inda ta tsaya ɗazu, nan ta sake tsayawa, kamar an ja mata layi. Na ce ta huta haka nan, ta yi kamar ba da ita nake ba. Ta ce in cire tantin gaba ɗaya daga buhun, za su fake a mayafi kamar kowa. Na cire. Ta hau, ta ɗan wuce wurin da 'yan taku, sai gwiwarta ta lanƙwashe, ta dafa bango da kafaɗa. Ruwa ya fantsama a matakala. Hussain ya yi wuf ya tare buhun kafin ya faɗo.

Tagwa ce ta yi magana. "Yumma, sauke ni. Ni zan tafi da ƙafata."

Mahasin ta sauke ta, ta zauna nan a kan matakala, ta ce to ta gwada, ta hau ta sauko har sai an ce ta tsaya. Yarinya ta ɗauka wasa ne. Ta haye da gudu, ta sauko da tsalle, tana leƙen fuskokinmu ko za mu yaba. Muka yaba. Ta ci gaba, gudun ya koma tafiya, tafiyar ta koma jan ƙafa da riƙe ƙarfen gefe. Ko shayin da Hussain ya ɗora bai tafasa ba ta zo ta zauna kusa da uwarta, ta ce takalminta na cizonta, kuma tana jin ƙishirwa. Mahasin ta buɗe jarkar ta ba ta. A inuwa muke, ga fanka tana kaɗawa.

Hussain ya kawo shayi a ƙananan kofuna, ya ce ma'alish, wato a yi haƙuri, ya koma bayan kantarsa yana goge abin da ba ya buƙatar gogewa. Ni kuwa raina ne ya ɓaci, ɓacin da na rasa wanda zan sauke wa. Na ji haushin Hatim da ya bar aikin gadinsa ya tafi neman zinare. Na ji haushin zinaren. Na ji haushin Malam da littattafansa da suka cinye mana rabin ɗaki, wurin da katifa guda za ta shiga. Na ji haushin Mahasin da ta jawo ni nan don in gani da idona, ko da yake har yau ban san ko da gangan ta yi ba. Tana zaune tana kallon tantunan nan biyu kamar akwai na ukun da ba a nuna mata ba, hawaye na bin fuskarta ba ta ko share su.

Na ce, "Ɗauki ƙaramin."

Ta dube ni.

"Ki ɗauki ƙaramin, ke da Hasan ya ishe ku. Ki bar min ita."

Ba ta yi godiya ba, kuma da ta yi da na ƙara jin haushi. Ta ce, "Malam fa?"

"Malam ni zan ji da shi."

"In tafiyarku ta tashi fa, Yaya?"

"Malam ne zai gama karatu? Bari mu ga ranar tukuna."

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba, ta jawo Tagwa ta cire mata takalmin tana murza mata yatsu. Yarinyar ba ta san me aka yanke ba, hankalinta na kan sukarin da ya kwanta a gindin kofi. Hussain ya koya wa Mahasin kafa ƙaramin da naɗe shi har hannunta ya saba, ya ƙara mata da wata 'yar igiya kyauta. Muka cusa tantin a ƙasan buhu, na sayi albasa a bakin titi na zuba a kai saboda sojoji. Ba wanda ya ko dube mu.

Malam bai ba ni wahalar da na shirya mata ba, abin da ya ƙara min gajiya, don na taho da maganganu cike da baki. Ya ajiye alƙalami, ya daɗe yana shafa gemu, ya ce amana abu ne mai nauyi, ya jawo abin da malamai suka ce a kai. Na ce na sani, ni zan yi wanka da wanki, ba malamai ba. Ya tambayi inda za ta kwana. Na ce ita da Fiddausi, kai da ƙafa. Ya ce Allah ya ba mu ikon riƙewa, ya koma kan takardarsa.

Saura yadda za a gaya wa yarinya. Ni na ce kada a gaya mata. Mu a gida in za a bar yaro, aikensa ake yi sayen ƙuli-ƙuli, kafin ya dawo uwa ta sulale, ya yi kukansa na kwana biyu ya haƙura. Haka aka yi min da aka kai ni riƙo wurin gwaggona, ga ni ban mutu ba. Mahasin ta ce ita ba za ta iya ba, ba ta son 'yarta ta riƙa tsoron aike har girmanta.

Ana jibi za ta tafi, da la'asar, ta hau rufin gida ta sake gwada kafa tantin ita kaɗai da goyo, tsakanin igiyoyin shanya da kejin tantabarun mai gidan da muke haya. Na biyo ta da kwandon wanki. Da tantin ya tsaya, Tagwa ta rarrafa ciki, ta juya, ta leƙo.

"Yumma, wannan ba shi ne nawa ba. Ina wurina?"

Mahasin ta durƙusa a bakin tantin. Ta ce mata hanyar da nisa, duk duwatsu, kuma ita ba za ta iya ɗaukar mutum biyu da ruwa ba, ai ta gani a shago. Ta ce za ta zauna wurin Inna Indo da su Fiddausi. Ta ce, "Ƙafarki ba ta yi ƙwari ba tukuna, habibti, 'yar lelena. In ta yi ƙwari, kina tafiya ba ki gajiya, sai in zo in tafi da ke."

Na so in ce mata kada ta faɗi haka, amma magana ta riga ta fita. Tagwa ba ta yi kuka ba. Ta dubi ƙafafunta, ta fito daga tantin, ta tsaya gefe tana kallo uwarta na naɗewa.

Ranar tafiya Lawal ya kai ta tashar jirgin ƙasa ta Giza a motar ubangidansa. Ni ban je ba, ina da ɗanwaken mutane a wuta, kuma ba na son tasha. Kukan da yarinyar ta ƙi yi a rufin gida ta yi shi ranar, har ta yi amai, Fiddausi ta goya ta tana zagaya ɗaki da ita. Kwanakin da suka biyo baya wayata ba ta bar jikina ba, ko banɗaki da ita nake shiga. Sai da na fara fid da rai sannan wata baƙuwar lamba ta shigo. Muryar Mahasin a dushe. Ta ce sun isa. Motar can ɓangaren ta makara sosai, amma tantin ya yi aiki, har wata mata ta roƙa ta sa jaririnta a ciki tare da Hasan. Ta ce tafiyar ƙafar ta fi yadda Fatna ta faɗa, akwai inda sai da rarrafe. Ƙafar Hatim kuwa ɗorin bai kama daidai ba, sai an sake karyawa. Ban tambaye ta yaushe za ta dawo ba, ita ma ba ta ce ba.

Tagwa ta saba da mu, ko in ce ta daina tambaya. Tana cin ɗanwake, ta koyi faɗa da Isma'il ɗina a kan cokali, Hausarta ta fara komawa ta Funtuwa. Ni kuma wanki ya ƙaru, kitso ya ƙaru, bayana yana nan yadda yake.

Wata la'asar ina tsaka da aiki matar mai gidan hayarmu ta ƙwanƙwasa, ta ce in zo in ga 'yata, ta dame su da sintiri. Na fita da ludayi a hannu, a shirye nake in yi faɗa. Na same ta a matakalar gidanmu. Ta ɗora matashin Fiddausi a ka, ta riƙe gorar ruwa a hannun hagu, ta sa takalmin nan da ke cizonta. Daga ƙofar titi take farawa har rufin gida, ta taɓa ƙofar rufin, ta juyo. Fiddausi ta ce ai kullum sai ta yi in na shiga kicin, ta hana su faɗa min. Gumi ya jiƙa mata riga, leɓenta ya bushe, ga ruwa a hannunta ba ta sha ba.

Na ce ta ajiye kayan nan ta shigo ta ci abinci. Ta ce saura kaɗan. Ta wuce ni tana haki, hannu ɗaya dafe da matashin, ta kai sama ta sauko, sannan ta tsaya a gabana.

"Inna, in Yumma ta bugo, ki ce mata yau ban zauna ba ko sau ɗaya."

Na ce zan gaya mata. Na karɓi gorar na buɗe mata ta sha, na zaunar da ita a kan matakala na cire takalmin. Diddigenta duka biyu sun saɓule. Na aiki Fiddausi ta ɗauko min man kaɗanya.